Lissafin Ruwa, Awaki da Dogon Hutu: Yadda Ake Raya Bishiya a Makarantun Sakandaren Ƙasar Daura

Da wuya a sami makarantar sakandare a ƙasar Daura, tun daga cikin gari har Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, wadda ba ta taɓa yin bikin dashen bishiya ba. Akan jera ɗalibai, babban baƙo ya saka dashe a rami, a zuba ruwa da sabon bokiti, a ɗauki hoto. Wanda ya koma wurin a watan Mayu na shekara mai zuwa, galibi ramuka zai tarar da busassun tsinkaye. Malamai da ɗaliban da suka yi aikin da gaske suke son inuwar, domin su ne rana ke gasawa a filin taron safe. Inda gizo ke saƙar shi ne ana ƙirga yawan abin da aka dasa, alhali abin ƙirgawa shi ne lita nawa ta ruwa makarantar ke iya warewa a mako, da kuma wa zai ɗauki jarka a ranakun da babu ɗalibi ko ɗaya a harabar.

A ɗora kalandar makaranta a kan ta damina a gani. Ruwa a wannan yanki ba ya zama sosai sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 700 ba. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, wadda makarantu da yawa ke zaɓa don dashe, tana zuwa ne ƙasa na tururi, ruwan farko in ma ya sauka bai ratsa ba. Zango na uku kan ƙare wajen ƙarshen Yuli, ɗalibai su tafi dogon hutu daidai lokacin da ciyawa ke danne ƙananan dashe. Hutun Disamba yana faɗowa bayan an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, lokacin da duk wani koren ganye a gari awaki ke nemansa ruwa a jallo. Hutun Afrilu kuwa tsakiyar bazara ne, zafi na haura digiri 40. Sau uku ke nan a shekara dashe ke shiga mafi munin hatsari, kuma duk sau ukun makaranta a kulle take.

Jarka nawa a mako?

Dashen da bai shekara ba, a jigawa irin tamu, yana son kamar lita 10 sau biyu a mako, wato lita 20, a bazara ma zai so ƙari. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Yuni kusan mako 35 ne. Kowane dashe ɗaya zai sha lita 700 ke nan kafin damina ta biyu ta karɓe shi. Dashe 100 na buƙatar lita 2,000 duk mako, jarka 80 mai cin lita 25. Famfon tuƙa-tuƙa mai lafiya yakan ɗauki kusan minti biyu kafin ya cika jarka, don haka jarka 80 aikin awa biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, abin da ɗalibai za su iya rabawa. To amma makarantar da ta karɓi kyautar dashe 500 saboda kyauta ce, ta ɗora wa kanta jarka 400, sama da awa 13 na tuƙi a mako, a famfon da shi ne na sha da alwala da wanke-wanke. Ba za a yi ba, kuma ba a taɓa yi ba. Abin da kan faru shi ne a yayyafa wa kowanne ɗan kaɗan, duka su mutu tare.

Samun dashe ba shi ne wahala ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka yi babban shirin dashen itatuwa a arewacin Katsina da tallafin ƙasashen Turai. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare kwararowar hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya sami hukumarsa a Nijeriya a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa, ga kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a yankunan da ke fama da ƙarancin ruwa, na dala miliyan 700, da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021. Shugaban makarantar da aka yi wa tayin ɗaruruwan dashe, ya fi masa alheri ya ce a ba shi 50 ko 60, ya roƙi a mayar da sauran kuɗin waya ta keji da bututun ruwa.

Mutane da yawa sukan sa rai a kan ruwan kwano. Lissafinsa mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ginin aji uku da barandarsa zai kai murabba'in mita 250. A shekarar da aka sami milimita 600, in aka cire kashi ɗaya cikin biyar na ɓarna, lita 120,000 ke gangarowa daga wannan rufi kaɗai. Sai dai tankin roba mai lita 5,000 ruwan dare ɗaya na milimita 25 ya cika shi, kuma dashe 100 za su shanye shi cikin mako biyu da rabi. Tanki yana da amfani ga wurin renon dashe da wanke hannu, amma ba zai tsallakar da bishiyoyi rani ba. Babban ma'ajin da makaranta ke da shi ƙasa ce. A ja ruwan indararo ta 'yar magudana zuwa kwarmi mai zurfin rabin mita da ya bi layin dashen, nesa da gindin gini da aƙalla mita uku, ruwan ya nutse a can. Da haka an rage zaizayar da ke tone harsashin azuzuwa, saiwa kuma ta sami damshin da za ta bi zuwa ƙasa.

Ruwan da ke zuwa kullum har cikin rani shi ne na alwala, kuma shi ne aka fi wulaƙantawa. A ɗauka makarantar jeka-ka-dawo ce mai ɗalibai 600 da ke sallar azahar kafin a tashi, kowa ya yi alwala da lita ɗaya. Lita 3,000 ke nan a kwana biyar. Ko rabi ya salwanta, sauran ya ishi dashe 75. A makarantar kwana, inda ake salla biyar, lissafin ya ninka. Abin da ake buƙata daɓen siminti ne mai ɗan gangare a wurin alwala, da magudana zuwa wani ɗan akwatin bulo mai faɗin santimita 60, a zuba tsakuwa a ƙasa da yashi mai kauri a sama don ya tare datti, daga nan bututu ya kai ruwan cikin duro da aka binne aka yi wa murfi. Kada ruwan ya wuce kwana biyu a duron, in ya wuce zai yi ɗoyi kuma sauro ya samu gida. Duk ranar Juma'a a kwashe saman yashin a sake wani, domin toshewar wannan akwati ita ce ke fara kashe tsarin: ruwa ya dawo baya, wuri ya yi caɓi, liman ya ce a fasa. Dole kuma a raba wurin alwala da wurin kama ruwa. Ruwan wanki mai omo da na wanke tukwane mai maiƙo ba na ƙananan dashe ba ne; gishirin da ke cikin omo yana taruwa a ƙasa har ganye ya ƙone daga baki. A bar wa manyan bishiyoyi wannan, kuma kada a shayar da salak ko wani abin da ake ci ɗanye da shi.

Yadda ake ba da ruwan ma yana da nasa. Yayyafi kullum yana riƙe saiwa a sama, ranar da aka yi fashi ta bushe. Zubawa da yawa sau biyu a mako, da yamma, ita ke tura saiwa ƙasa. A lokacin hutu babu abin da ya kai tulun ƙasa da aka binne har wuya, kamar santimita 30 daga dashen, a cika a rufe bakin. Ruwa na tsattsafowa a hankali ta jikinsa, cikawa ɗaya ta yi kwanaki. A kuma shimfiɗa busasshen ganye ko kara mai kaurin yatsa huɗu a kewaye, amma a bar tazara tsakaninsa da jikin dashen.

Me za a dasa, kuma yaushe?

Mangwaro da gwaba da lemo kowa na so, amma masu shan ruwa ne na shekaru. Guda biyar ko shida kusa da masallaci ko famfo sun isa. Don inuwar filin taro da gaban azuzuwa, bedi, wato dogon yaro ko darbejiya, shi ne ya fi jure wulaƙanci, sai madaci da tsamiya ga mai haƙuri. A gonar makaranta gawo ba shi da na biyu, tunda yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ya kuma taka ƙasar. Aduwa, kurna, magarya da bagaruwa su ne na bakin iyaka. Zogale na lambu ne da kicin. Itacen turare kuwa a yi hattara da shi: gara na cinsa yana ƙarami, in ya girma kuma ya shanye damshin duk abin da ke kusa. Duk babbar bishiya a nisanta ta da gini, da ramin masai, da bututun ruwa da mita bakwai zuwa takwas, a bar irin wannan tazara tsakanin bedi da bedi.

Makarantar da ta reni nata dashen ta fi wadda aka kawo wa a mota, domin dashen da ya sha jijjiga da iska a bayan a-kori-kura ya riga ya jigata. Ana fara reno a watan Maris don a dasa a Yuli. Ledar fiya-wata tana aiki: a yanke samanta, a huda ƙasanta wuri huɗu ko biyar, a cika da kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, in yashi ya yi yawa a ɗan haɗa da laka. Tunda ledar fara ce, a jera su a matse a tara ƙasa a gefen layin don kada haske ya kai ga saiwa. Gajeriya ce kuma, ta dace da bedi da zogale na wata biyu zuwa uku. Gawo mai doguwar saiwa yana son leda mai tsawo. Irin bedi ba ya ajiyuwa, a wanke ɓargon a shuka cikin mako biyu zuwa uku da tsincewa, in ya daɗe ba zai fito ba. Irin gawo da bagaruwa ƙwanso gare su mai tauri: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin a bar shi ya kwana, da safe a shuka waɗanda suka kumbura. Wanda aka tsinto a turken awaki ma ba ya buƙatar wannan, cikin dabba ya riga ya tausasa shi. Duk mako biyu a ɗaga kowace leda a gusa da ita don saiwar da ta ɓullo ta ƙasa ta tsinke tun tana siririya. Saura mako uku a dasa, a janye rumfa a rage ruwa, dashen ya saba da rana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ramuka a haƙa su tun Mayu ko Yuni, rabin mita faɗi da zurfi, a fako ko marmara a ƙara. A ware ƙasar sama gefe, a gauraya ta da kwano biyu na ruɓaɓɓen taki, ita za ta fara komawa ramin. Ranar dashe ita ce wadda aka tona aka ga damshi ya kai kamu ɗaya, galibi a makonni biyun farko na Yuli, kafin jarrabawar ƙarshen zango ta ɗauke hankalin kowa. Da yamma ake yi.

Wanda ya tono mataccen dashe bayan wata shida yakan ga abin da ya kashe shi ƙarara. Sau da yawa ledar na nan yadda take, ba a cire ba, saiwar ta naɗe a ciki kamar gammo, ba ta taɓa ƙasar ramin ba. Wani kuma an nutsar da shi har ƙasa ta rufe wuyansa, wurin ya yi baƙi ya ruɓe. Wani za a ga hanyar gara ta jar ƙasa ta hau jikinsa, a murza ɓawon ya fita a hannu, ciki fayau. Don haka a tsaga ledar da reza daga gefe, a cire ta ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a daidaita wuyan dashen da bakin ramin, a danna ƙasa da ƙafa, a yi masa ɗan kwarmin riƙe ruwa. In wurin gangare ne a ja masa kunya mai siffar rabin wata ta ƙasa da shi, bakinta na kallon inda ruwa ke gangarowa. Gara kuwa ɗanyen taki da karan da ya taɓa jikin dashe ke kiranta, ta fi kuma kama wanda ƙishi ya raunana. Toka da dakakken irin bedi a ramin suna rage ta, a kuma riƙa rushe hanyarta da zarar an gani.

Akuya in ta miƙe a kan ƙafafun baya tana kai mita ɗaya da rabi. Kejin da bai kai haka ba, ko wanda ya matse dashen har ganye ke leƙowa, ɓata ƙarfi ne. Faɗinsa ya kai mita ɗaya, da turaku huɗu da aka kafa sosai. Inda babu kuɗin waya, ƙayar magarya da aka saƙa a jikin turakun tana yi, haka ma tsofaffin tubala da aka jera da 'yan tagogi don iska. Keji kafin dashe ake yinsa, domin dare ɗaya ya isa. Makarantar da ba ta da katanga za ta iya kafa shingen aguwa a ƙarshen bazara, a gargaɗi ɗalibai kada ruwanta ya shiga ido, amma shinge mafi ƙarfi shi ne zama da mai unguwa da masu dabbobin da ke maƙwabtaka, a kuma bar musu ciyawar harabar su yanka da damina. Wanda ke cin moriyar wuri ba ya bari a ɓata shi.

Bishiyoyin da ba sa neman jarka

Akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi, kuma abin takaici ne yadda makarantu ke tsallake ta. A bayan azuzuwa da gonar makaranta akwai kututturan kalgo, sabara, aduwa, magarya da gawo da ke tofowa kowace shekara, kowace shekara kuma a tura ɗalibai da adda su sare su da sunan shara. Waɗannan suna da tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ga damshi. A Maraɗi, tun 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma a kan raya irin waɗannan kututture, abin da ake kira sassaben zamani. Ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan biyar a Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, wato nan tsallaken iyakar Kongolam, a ƙasa da yanayi irin namu ko ma mafi tsanani.

Aikin ba shi da wuya. A kowane kututture a zaɓi tofo biyu ko uku mafi miƙewa da ƙarfi, a cire sauran. A sassabe rassan rabin ƙasa na waɗanda aka bari, da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A ɗaura jan ƙyalle ko a shafa fenti don mai shara ya san ba na sara ba ne. Bayan wata huɗu zuwa shida a dawo a cire sabon tofon da ya fito a gindi. Ba ruwa, ba taki, ba leda. A shekara biyu za a ga abin da ya fi mutum tsawo. Kafin makaranta ta karɓi dashe ko ɗaya, ya kamata malamin aikin gona ya zaga da ɗalibai su ƙirga kututturan da ke raye, domin wata makarantar za ta tarar rabin bishiyoyin da take nema suna nan a ƙarƙashin ƙafarta.

Inda fili ya ba da dama, a tsara layin kare iska ta gabas da arewa maso gabas, inda hunturu da guguwar farkon damina mai yaye kwano ke fitowa. Layi uku sun isa, masu ƙaya a waje, bedi a ciki, a saɓa su. Kariyarsa na kai kamar ninki goma na tsawon bishiyoyin. Giɓi a tsakiyar layi kuwa yana matse iska ta fito da ƙarfi fiye da da, shi ya sa cike gurbin wanda ya mutu a nan ba abin jinkirtawa ba ne.

Shara da murhu

Yawancin abin da ɗalibai ke sharewa kowace safiya ganye ne, kuma ƙarshensa wuta. Taki ne ake ƙonawa. A yanayi mai bushewa irin namu rami ya fi tsibi riƙe damshi: zurfin mita ɗaya, faɗi ɗaya da rabi, tsawo biyu, a inuwa, a yi guda biyu ko uku a jere. A fara da busasshen ganye mai kaurin santimita 20, sai ɗanyen abu kamar ɓawon kayan miya da ragowar abinci santimita 10, sai kashin dabbobi santimita 5, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana huɗu ko biyar a zaro ta: in ta fito da ɗumi da damshi, aiki na tafiya. In ta fito a bushe da sanyi, ko aka ga tururuwa da gara, ruwa ya yi kaɗan. In wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen ganye. Duk mako uku a juye shi cikin rami na gaba. A wata biyu zuwa uku ya zama baƙi mai ƙamshin ƙasa. Nama, ƙashi da mai suna jawo ɓeraye da karnuka, toka mai yawa kuma tana korar sinadarin da shuka ke buƙata.

Takin ba zai yi kyau ba sai an raba shara tun daga aji: kwando na abin da ke ruɓewa, buhu na leda da roba. Ƙarfe, gwangwani da roba mai kauri 'yan jari-bola na saye, gorunan ruwa kuma masu zoɓo da kunun aya na nema, kuɗin ya isa sayen igiya da reza da gyaran bokiti. Leda kada a ƙona ta kusa da azuzuwa, hayaƙinta guba ne, masu asma ke fara jin jiki. Wadda aka bari a fili kuma mahauta sun san inda take ƙarewa, a tumbin awaki da shanu. Tsofaffin batiran sola da na mota a mayar wa dillali yadda suke, kada a bar yaro ya fasa. Dalma ce a ciki, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito.

A makarantar kwana, kicin na iya cinye itatuwan da suka fi waɗanda ake dasawa. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Murhu mai tsimin icce, wanda tukunya ke nutsewa a cikinsa da tazarar kaurin yatsa tsakaninta da bango, da bututun fitar hayaƙi, yana iya rage icce da kusan rabi. An taɓa koyar da ginin murhun laka mai tsimi a ƙananan hukumomin wannan yanki a wani shiri na ƙungiyar agaji ta Oxfam da tallafin Tarayyar Turai, don haka a fara cigiyar waɗanda suka koya. Abin da ke kashe irin wannan murhu sananne ne: a gina shi ba a auna tukunyar da ake girki da ita ba, ko a hura wuta kafin laka ta yi mako biyu zuwa uku tana bushewa ya tsage, ko ƙofar ta yi ƙanƙanta ga iccen da ɗan kwangila ke kawowa, masu girki su fasa ta. Su Inna da ke tsaye a gaban wutar tun asuba su ne za a fara tambaya, kuma a faskara icce a busar kafin ya iso gare su. A auna iccen mako guda a sikeli kafin gini da bayansa. Jiƙa wake ya kwana da rufe tukunya ma suna rage icce ba da ko kwabo ba.

Hannun wa?

Kada ban ruwa ya zama horon wanda ya makara. Yaron da ya san jarka a matsayin hukunci zai zubar da ruwan a bayan aji ya dawo. Kada kuma a ɗora aikin a kan 'yan ajin ƙarshe, tunda daga Mayu suna cikin jarrabawar WAEC da NECO, daga nan sun tafi. 'Yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da 'yan aji ɗaya na babba su ne za su ga bishiyar ta yi shekara uku. A ba kowane dashe lamba da ɗalibai uku, ɗaya daga cikinsu ya kasance gidansu na kusa da makaranta. Malamai biyu za su riƙe aikin, don in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada komai ya tsaya. Hadisin da ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga abin da Musulmi ya dasa sadaka ce gare shi, kowane ɗalibi ya san shi. Limamin makaranta ya fi kowa iya tuna musu da shi a watan Maris, lokacin da zafi ya sa kowa ya gaji.

Mutumin da aikin ya fi rataya a wuyansa shi ne Baba maigadi, kuma shi ne ba a gayyata taron tsarawa. Shi ke nan a duk hutu, shi ya san ta inda awaki ke shigowa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka masa ɗan alawus na makonnin hutu, a ba shi baro da jarkoki, a haɗa shi da ɗaliban unguwa su zo Litinin da Alhamis, a kuma ba shi wani kaso na zogale da 'ya'yan itacen.

Sai littafin rajista: lambar dashe, irinsa, ranar dasawa, sunayen masu kula, da shafin da ake cikewa a farkon kowane zango da ƙarshensa. Wanda ya mutu a tono shi a rubuta dalili. Ƙidayar da za a kai wa shugaban makaranta ita ce ta ƙarshen Mayu. In daga 60 waɗanda suka rayu ba su kai 40 ba, kada a buɗe sabon layi a wannan damina, a cike tsofaffin ramuka a gyara abin da rajistar ta nuna. Waɗanda suka tsallake, a rani na biyu ruwa sau ɗaya a mako ya ishe su. A na uku bedi da itatuwan gida sun daina jiran jarka, sai a cire kejinsu da tulunansu a kai wa sababbin dashe, a kuma karkatar da bututun ruwan alwala zuwa layi na gaba.